Juciyata

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarin nan. Yau babu doguwar gaisuwa. Waɗanda suka cika min waya da "Anti Bushra, ina labarin angonmu?" ku yi haƙuri, abin da na zo da shi ba mai daɗi ba ne. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, daga ƙarshe na ce gara ku ji daga bakina, in ya so ku zage ni son ranku. Na cancanta.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Bushra, a Rano nake gidan iyayena, ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren 'yan mata a Kibiya. Wanda nake so Ja'afaru ne. Bafulatani ne, gidansu na bayan garin Kibiya, yana kiwon bijimai, da rani kuma ya yi albasa. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen nan da in suna sauraronka sai ka ɗauka babu wani aiki a duniya sai kai.

Ranar da ya fara karɓar lambata a tashar Kibiya, na ɗan karkata kai cikin yanga na ce, "Amma fa ni ba na sauraron saƙon murya. Duk mai sona ya zauna ya rubuta."

Littattafai ne suka lalata ni. Jarumar littafi nake son zama, wadda ake rubuta wa kalmomi tana adanawa.

Ya yi murmushi ya ce, "To, Malama."

Tun daga ranar, da an idar da Magariba wayata za ta yi ƙara. "Na ga hadari ya taso ta gabas, na ce Allah ya sa Malama ta isa gida. Jan kira ki gobe, juciyata." Haka yake rubutawa, yadda yake magana, duk inda z take sai ya sa j. Jan jo. Juwa anjima. Juciyata. Ni malamar harshe ce, jan biro ba ya barin jakata, amma wannan j ɗin ban taɓa son a gyara ta ba. Da ita ma na adana sunansa a waya.

Da safe kuwa ba ya taɓa rubutu. In na tura saƙo sai dai ya kira. Na ce ai yana wajen shanu, hannu ba tsabta.

Umma, mahaifiyata, ba ta ƙi shi ba, ba ta kuma so shi ba. Zuciyarta na kan Lukman, ɗan yayarta da ke aikin ofis a Kano.

"Karatun da aka sha wahala aka yi miki, a wankin ƙwarya zai ƙare?" in ji ta. "Shi wannan naki ko takardar sakandare yana da ita?"

Sai in buɗe waya in kai mata har gaban ido. "Umma, dubi rubutunsa. Yaya Lukman da digirinsa, ban da 'ya kk' me ya taɓa turo min?"

"Rubutu ake ci? To ki faɗa masa ya turo magabatansa kafin a gama girbi, in ba haka ba zan amsa wa Yaya."

Wannan ke nan. Yanzu ku biyo ni makaranta.

A farkon zangon nan shugabar makarantarmu ta damƙa min 'yan aji biyu da karatu ke yi wa wuya. Yadda na tace su kuwa, na tsayar da kowace yarinya a gaban aji, na ba ta littafin Turanci na ce ta karanta da ƙarfi. Wadda ta yi tuntuɓe na ce ta koma gefe. Waɗanda suka taru a gefen su ne ajina na taimako. Muna haɗuwa lokacin tara, sa'ad da sauran ke cin awara da gurasa a gindin darbejiya. Littattafan da na samo mana na 'yan firamare aji ɗaya ne, masu hoton ƙwallo da kyanwa, kalma uku a shafi.

'Yan mata ne fa da suka fara sanin kansu, masu sa kwalli a ɓoye suna gyara zaman hijabi a gilashin taga. Na miƙa musu hoton kyanwa.

Ba a yi mako ba makaranta ta raɗa wa ajin suna: ajin goyo. In an kaɗa ƙararrawa sai ka ji ana cewa, "'Yan goyo, a je a sha mama!" Na ji, na yi dariya a raina, na ce kunyar ma za ta sa su dage.

A cikin 'yan goyon akwai Fanta, ƙanwar Ja'afaru, uwa ɗaya uba ɗaya.

Siririya ce kamar shi, idanunta manya, kullum a kujerar ƙarshe kusa da bango. Tana da i'ina. In ta zo faɗin sunanta sai leɓenta ya kama rawa, shi ya sa yara ke kiranta Fa-fa-fanta. Ranar tacewa ko kalma ɗaya ba ta fitar ba. Ta tsaya riƙe da littafi tana kallon shafin, na ce, "Gefe."

Malamai kuwa sun samu abin tsokana. "Malama Bushra, ya jikin goyonki? Ashe tun kafin a kai ki kin fara renon dangin miji." Sai in yi dariyar yaƙe.

Ranar Talatar da ta wuce na shiga ajin da niyyar yau sai Fanta ta yi magana. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da farin mayafi, har na ɗan fesa turare, don Ja'afaru ya ce wataƙila ya biyo ta tasha. Na buɗe shafin ƙwallo na ajiye a gabanta.

"Tashi. Karanta."

Ta miƙe. Ta dubi shafin, ta dube ni.

"B... b... b..."

"Ball! Ƙwallo! Ga hotonta nan ma, ko shi ma ba kya gani?"

"B... b..."

Taga ta cika da kawuna. Wata ta kwaikwayi kukan tunkiya, sauran suka kwashe da dariya. Na kore su da hannu, amma ban tashi na bi su ba. Haushina a kan Fanta yake.

"Zauna kawai. Kin cinye mana lokaci."

Ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin a hankali ta ture shi zuwa bakin tebur.

Da na koma gida na tarar da Umma a tsakar gida tana tankaɗen garin masara, Hajiyar su Lukman ta aiko da turmin leshi ruwan zuma, an shimfiɗa shi a kan tabarma kamar tarko.

"Na ji labari," Umma ta ce ba tare da ta ɗago ba. "An ce ƙanwar mutumin naki ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. To jini fa ba ya ƙarya, Bushra. 'Ya'yanki za ki duba."

Na shige ɗaki na faɗa kan katifa ko mayafi ban cire ba. Ana idar da sallah saƙonsa ya shigo: "Ban samu juwa tasha ba, sa ɗaya ya ƙi cin abinci. Ya makaranta, juciyata?"

Magana zarar bunu ce. Ga abin da yatsuna suka rubuta, ba zan rage ko harafi ba:

"Gaskiya na gaji da ƙanwar nan taka. Kanta kamar dutse, ana zuba ruwa yana gangarewa. Ta yi girma haka amma abin da ɗan aji ɗaya ke karantawa ya gagare ta. Kunya take ba ni a cikin malamai. Da ni ce ku da na bar ta ta bi shanu, ko ba komai can za ta yi amfani."

Na tura. Alama ta nuna an karanta. Na ga ana rubutu, aka daina. Aka sake farawa, aka daina. Har na ce yau na taɓo Bafulatani a kan jininsa.

Sai ga amsa: "Na gode da kike kula da Fanta. Allah ya bar min ke, juciyata."

Wallahi har murmushi na yi. Na ce kai, wannan bawan Allah akwai haƙuri. Na tashi na ci tuwo.

Washegari kujerar bango babu kowa. Ranar Alhamis ma haka. Saƙon Magariba shi ma ya ɗauke, sai kira. A kiran Alhamis ɗin ne na ji muryarsa ba daidai ba.

"Malama, yarinyar nan ta ba ni mamaki. Wai ta gama boko. An yi an yi ta faɗi dalili, ta ƙi. Baffa, tsohonmu, ya ce ba ya ajiye budurwa tana jaman banja, ranar Litinin ja a kai ta wajen Goggo a Dawaki, ta taya ta tatsa da kai nono kasuwa."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me jan ce? Ni na tsaya a gaban Baffa aka sa ta a makarantar nan. Abin da ya fi ƙona min rai, ke da kanki kin ce tana ƙoƙari, kin ce kwanan nan ja ta wuce sa'anninta. Mutum ya samu malama irinki ya yi butulci? Na daina yi mata magana."

Na ɗauka gatse yake min. Na jira ya ƙarasa, ya ce ai ga abin da kika so ya faru. Bai ce ba. Da gaske yake.

"Ja'afaru... yaushe na ce haka?"

"A saƙonki mana, na ranar Talata."

Na kashe wayar na buɗe saƙon na sake karantawa. Dutse. Kunya. Shanu. Babu ƙoƙari a ciki, babu sa'anni. Na juya abin ta kowace fuska ya ƙi zama.

Ranar Juma'a da aka tashi, maimakon in hau motar Rano sai na tari ɗan acaba. Na san abin da Umma za ta ce in ta ji: "Gidan surukai kika kai kanki kamar mai tallar awara?" Na zura dogon hijabina ruwan toka har ƙasa, na ce wa kaina ba budurwar Ja'afaru ce za ta je ba, malamar Fanta ce. Na kuma san ba ya nan, ya kai bijimi kasuwa.

Gidan shimfiɗaɗɗe ne, ɗakunan ƙasa da rufin kwano, tsakar gida a share tas, ƙore a jere kan gado an kife su suna shan rana. Dada, mahaifiyarsu, tana ganina ta gane ni, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ni ma na sunkuyar da kai. Kunya biyu ta haɗu a ƙofar gida.

Ta yi min sannu da zuwa da Fulatanci: "Jabbama, Malama, jabbama. Da kanki? Yarinyar nan ta sa ki wahala."

Ta shimfiɗa min sabuwar tabarma, ta kawo fura da kindirmo a ƙwarya mai faifai. Na kurɓa na ajiye. Matar nan tana ta sa min albarka, wai Ja'afaru ya faɗa musu irin yabon da nake yi wa 'yarta.

"Tana baya wajen maruƙa. Ki yi mata faɗa, ke tana jin maganarki."

Na zaga. Maruƙa na ɗaure a dangwali, doguwar igiyarsu, ƙarƙashin wata tsamiya, Fanta na tsugune tana cire wa ɗaya kaska. Tana yi masa magana da Fulatanci, a hankali, kalma na bin kalma babu ko sarƙewa. Na tsaya ina saurare. Ban taɓa jin jimla cikakkiya daga bakinta ba sai ranar.

Da ta gan ni ta miƙe, bakin ya kulle.

"Fanta, me ya hana ki zuwa makaranta?"

"M... m... m..."

Kun san me na yi? Na buɗe baki zan ƙarasa mata. "Malama, ko? Na ji, ci gaba." Haka na saba. Sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta nuna wayar da ke hannuna.

Na miƙa mata ina tunanin hoto za ta nuna min ko lamba. Ta riƙe ta da hannu biyu. Manyan yatsunta suka hau allon suna gudu, gudun da ni kaina ba na yi. Ta juyo min da fuskar wayar.

"Ba jan koma ba Malama. Kin ce can jan yi amfani."

Na karanta. Na sake karantawa. Idona ya tsaya a kan j ɗin nan guda biyu, na zauna a kan turmin da aka kife ba tare da na duba ko da ƙura ba.

"Ke ce..."

Ta karɓi wayar.

"Hamma bai iya karatu ba. Ya yi aji uku a sakandare yana bin baki in ana karantawa tare, ba wanda ya gane. Da kika ce sai rubutu ya dawo gida bai ci abinci ba. Shi yake faɗa ni nake rubutawa. In kin turo ni nake karanta masa."

Hamma, haka suke kiran babban wa.

Duk saƙonnin suka dawo min a jere. Hadarin gabas. Wanda ya ce muryata kamar ruwan farko. Waɗanda ni na tura, da su "ka yi mafarkina". Yarinyar da na tsayar a kan hoton ƙwallo ita ke karanta su, da bakin nan mai sarƙewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma wannan kunyar ƙarama ce a kan wadda ke tafe.

"Na ranar Talata fa?" Na tambaye ta.

Ta daɗe tana rubutu.

"Na fara karantawa a juciyata kafin in faɗa, kullum haka nake. Yana tsaye yana murmushi yana cewa me ta ce me ta ce. Sai na ce kin ce ina ƙoƙari. Ya ji daɗi har ya ba ni kuɗin awara. Ya ce in rubuta ya gode."

Ita ta rubuta. "Na gode da kike kula da Fanta." Da yatsunta ta rubuta, bayan ta gama karanta cewa kanta dutse ne. Ta ƙara da juciyata, don kada in ga bambanci. Ni kuma na tashi na ci tuwo.

Hawaye suka zubo min, ban ma yi ƙoƙarin sharewa ba. Wani maraƙi ya miƙo baki yana tauna gefen hijabina.

"A ina kika koyi karatu haka?"

Ta ɗan taɓe baki, ta rubuta. "A wayar Hamma. Labaran da ake sakawa a guruf. Na Turanci ma ina gane rabi in ba a tsaye nake ba."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta rubuta, ta tsaya tana kallo, kamar tana auna ko rashin kunya ne, sannan ta miƙo.

"Ba ki taɓa cewa mu rubuta ba sai kwafa daga allo. Kuma in ina karanta wa Hamma ina maƙalewa, yana jirana. Ke ba kya jira."

'Yan uwa, na sha karanta inda ake cewa magana ta soki mutum. Ashe ban san ma'anarta ba.

Nan take fuskokin 'yan ajin goyo suka riƙa gilma min. Rahma da ke kai littafi har kan hancinta, ban taɓa tambayar ko idonta ne ba. Saudat da ke rera duk abin da na faɗa kamar karatun Islamiyya, in na rufe hoton sai ta yi tsit. Wataƙila ita ce ma ba ta san baƙi ba da gaske, kamar yadda Ja'afaru ya zauna a bayan aji har ya fita. Ciwo daban-daban, na haɗa su na ba su magani ɗaya, na kuma buɗe taga ana kallo.

"Ki dawo, Fanta. Na rantse miki ba za ki ƙara ganin littafin nan ba. Ba za ki ƙara tsayuwa a gaban kowa ba sai kin so."

Ta girgiza kai, ta koma kan wayar. "Baffa ya riga ya yanke. Hamma kaɗai yake saurare, shi kuma yana fushi da ni. Ya ce na yi miki butulci."

Sai na ga inda igiyar ta ɗaure. Muddin Ja'afaru na ganin yabonta na yi, ba zai je gaban Baffa ya roƙa mata ba. Ƙaryar da ta yi don ta rufa min asiri ita ce za ta kai ta Dawaki.

"Ki bar ni in faɗa masa gaskiya."

Idanunta suka ƙara girma. Yatsun suka yi gudu. "A'a. Jai san kin gane bai iya ba. Jai ji kunya. Jai daina son ki."

"Na sani."

"Ke fa kike so ya turo kafin girbi."

Har wannan ta sani. Ita ta karanta masa.

"Na sani, Fanta. Amma ba zan yi ba sai kin yarda, sirrinki ne ke ma."

Ta miƙo min wayar, ta sauke hannayenta. Ta buɗe baki. Leɓen ya soma rawa.

"T... t... t..."

Kalmar na kan harshena. Na san ta, gajeriya ce, da na faɗa an wuce wajen. Na cije leɓe na dunƙule hannu a cikin hijabi. Maraƙi ya yi kuka. Can cikin gida Dada na kiran kaji. Jijiyar wuyan yarinyar ta tashi, idonta a rufe.

"T... to."

A motar Rano na yi ta shirya abin da zan rubuta, sai da muka kusa shiga gari na tuna babu mai karanta masa sai ita. Ba zan sa ta karanta zaginta sau biyu ba.

Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Ni Bushra, mai cewa duk mai sona ya rubuta, na danna alamar murya na riƙe.

"Ja'afaru, ni ce. Ka saurara har ƙarshe, don Allah. Abin da aka karanta maka ranar Talata ba shi na rubuta ba. Ga abin da na rubuta."

Na karanta masa shi duka, da dutsen, da kunyar, da shanun. Na faɗa masa abin da na yi mata a aji ana leƙe ta taga. Na ce masa ƙanwarsa ta fi rabin 'yan ajinta karatu, ni ce ban iya aikina ba. Na ce kada ya bari a kai ta Dawaki a kan laifina. A ƙarshe na ce, "Maganar rubutu kuma, ni na ɗora maka abin da ba ka nema ba. Kalmomin naka ne, na sani, hannun ne kawai nata. Ka yafe min in za ka iya."

Na saki. Alama ta nuna an saurara.

Asabar ba kira. Lahadi ba kira. Umma ta lura da idona, sai leshin nan ruwan zuma ya tashi daga tabarma ya koma kan akwatina. Da yamma ta leƙo ta ce Hajiyar su Lukman za ta zo ranar Laraba, in san abin da zan faɗa mata.

Yau Litinin na riga kowa zuwa makaranta. Na tattara littattafan kyanwa na ɗaure su da igiya na kai ofis, na roƙi shugaba ta ba ni ɗakin da babu taga ta wajen fili, ta kuma mayar wa yaran lokacin tararsu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wa ya taɓa ki?" Na ce ni na taɓa wani.

Ana shirin kaɗa ƙararrawa na ji ƙarar babur a bakin ƙofa. Na san ƙararsa ko cikin barci.

Fanta ce a baya, farin hijabinta ya sha guga, jaka a kafaɗa. Ta sauko. Ya ce mata wani abu da Fulatanci, ya gyara mata igiyar jakar. Ina tsaye a baranda, babu abin da ya tare tsakaninmu. Bai ɗago ba. Bai yi sallama ba. Ya juya babur ya tafi.

Ta zo ta wuce ta gabana, ta ɗan rusuna. "I... i... ina kwana, M... Malama."

Na jira har ta kai ƙarshe, sannan na amsa.

Ta shiga aji. Ba kujerar bango ta nufa ba, ta zauna a layi na biyu ta ciro biro.

Ina nan tsaye wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Da safe, lokacin da bai taɓa turo komai ba. Na ciro ta. Sunan da na adana ne, da j ɗinsa.

Ba rubutu ba ne. Saƙon murya ne, mai tsawo, na farko da ya taɓa turo min.

Har yanzu da nake rubuta muku ban danna ba.